Inda Burtali Ya Ƙetare Kwalta

Gidana bai fi jifa biyu daga bakin titi ba, shi ya sa ban damu da agogo ba. Tun da idanu suka fara yi mini gardama, kunne ne ya karɓi aikin. Na san kukan tirelar albasa idan ta nufi kudu tana nishi, na san na tankar mai da ta juye kayanta a Sakkwato tana komawa, sai ƙwaram-ƙwaram kamar an saki garwa a rijiya. Amma cikin dukan kukan nan ɗaya nake jira kullum bayan la'asar, na wata tsohuwar farar bas mai tahowa daga Sakkwato zuwa Tambuwal. Ɗana ne ke tuƙa ta, ɗan farina. Da zarar ta iso gangaren da ke arewa da ƙauyenmu sai in tsai da carbi in kasa kunne, ko zai ɗaga ƙafa daga kan totur. Na yi shekaru ina sauraro bai ɗaga ba, kuma duk shekarun nan ban taɓa buɗe baki na ce masa ya rage ba, domin a gidanmu uba ba ya magana da ɗan fari. Irin wannan shirun na san shi sarai, don ya taɓa cin mutum a gabana.

Yaran yanzu gani suke da kwaltarta aka halicci hanyar nan. Ina! Mu ja muka tarar da ita, ta burji, kakanninmu kuwa sun san ta 'yar siririya, faɗin jaki biyu da kaya. Kakata takan zauna tana kaɗi tana jero mana zangunan fatake kamar mai tilawa: Sakkwato, Bodinga, Shagari, Tambuwal, Jega, Koko, Yawuri, Kwantagora, daga nan sai ƙasar da goro yake. Ita kanta ba ta taɓa wuce Jega ba, amma idan ka ji ta sai ka rantse da ita aka yi kowace tafiya. Ta ce a zamanin Turawa aka tara maza gari-gari, kowa da kwandonsa a ka, suka yi ta zuba jar ƙasa ba don suna so ba, kakana ma har ya koma ga Allah gashi bai sake tsirowa a tsakiyar kansa ba. Idan ta kawo nan sai ta murza mazarinta ta ce, "Ku kiyayi hanya, hanya ba ta da dangi." Mu kuwa sai mu yi ta dariya, don a lokacin hanya ce wurin wasanmu.

Sa'ad da na yi wayo fatake sun fara ja baya, manyan motoci masu bodin katako sun shigo. Amma wace irin tafiya suke yi? Gargada ta hana su sakat. Tun suna bayan tudu kake jin su, ka yi alwala ka yi sallarka a natse kafin su iso. Idan aka yi ruwa mai ƙarfi sai a sa shinge a rufe hanya har ta sha iska, direbobi su yini a gindin tsamiyarmu suna shan furar Innarmu suna ba mu labarin teku. Mun san su da sunayensu, sun san mu da na iyayenmu. Aikina na farko a duniya shi ne cika randar da ke gindin tsamiyar nan, tulu uku da safe, uku da yamma, kuma ba a tambayar mai sha daga ina ya fito sai ya ajiye moɗa.

Mu manoma ne masu shanu. Gero da dawa a tudu, shanu kuwa da rani a kai su fadamun wajen Kebbe, idan ruwa ya sauka a dawo da su. Burtalinmu ya girmi hanyar, ita ce ta zo ta tarar da shi ta gitta ta kansa, daidai ƙasan gangaren nan, bayan wata kwana. Dokar wurin kowa ya san ta ba tare da an rubuta ba. Idan garke zai ƙetare, mai shanu ya shiga tsakiyar hanya ya ɗaga sanda sama, duk abin da ke tafe ya tsaya, jaki ne ko raƙumi ko mota, har sai ɗan maraƙi na ƙarshe ya wuce. Baba ne ke ɗaga sandar garkenmu. Dogo ne siriri, marar yawan magana, kullum da malfa. Na sha ganin mota ta tsaya cak a gabansa, direba ya leƙo yana dariya yana cewa, "Ranka shi daɗe sarkin hanya, a yi muna sassauci!" Baba ko murmushi ba ya yi sai shanu sun gama wucewa, sannan ya sauke sanda ya gaishe shi.

Ni ne ɗan farinsa, don haka tsakanina da shi sai dai ta bakin wani. Bai taɓa kiran sunana ba, bai taɓa ɗaukata ba, ba mu taɓa sa hannu a akushi ɗaya ba. A ɗakin kakata na tashi. Idan yana son in yi wani abu sai ya dubi bango ko ya dubi ƙanena ya ce, "A gaya ma wancan shi kai ma maruƙa ruwa," alhali ga ni tsugune a gabansa. Kada wani ya ce ƙiyayya ce. Kakata ta gaya mini idan na kwanta zazzaɓi yakan zagaya bayan ɗaki ya tsaya yana sauraron numfashina, sannan ya koma. Kunya ce, kuma da ita ake gane ɗan asali a wurinmu. Ni ma haka na iya. Ban taɓa ɗaga murya a inda yake ba, ban taɓa fara yi masa magana ba in ban da gaisuwa, ita ma kaina a ƙasa.

Ina saurayi, har an fara yi mini zancen aure, sai ga injuna sun iso. Aka ce za a shimfiɗa kwalta tun daga Sakkwato har inda hanya ta ƙare. Samarin ƙauyenmu muka jingine fartanya muka shiga leburanci. Baba ya dubi rumbu ya ce, "Wanda yab bar gero don baƙar ƙasa, shi ci baƙar ƙasa." Na ji, na san da wa ake, na tafi abina. Mukan naɗe ƙafa da tsumman buhu saboda zafin kwalta, mu bi bayan mota muna watsa tsakuwa da shebur, warin nan ya shiga maƙogwaro har fura ta daina daɗi. Amma fa mun ji kanmu! Ranar da aka gama ɓangarenmu mun yi ta kai da kawowa a kai ba takalmi, muna durƙusawa muna shafa shi, muna cewa ai duniya ce ta zo mana har ƙofar gida.

A wurin aikin akwai wani dattijon direban tifa, mutumin Jega, sarkin tsokana, wanda ya laƙaba mini Ɗan-nagge saboda shanunmu. Wata rana ya ga Baba ya shiga sabon titi ya ɗaga sanda, sai na ga fara'arsa ta ɗauke. Ya yafito ni.

"Ɗan-nagge, wancan mai malfa, mi naka ne?"

"Babana na."

"Hau mota."

An cika masa tifa da tsakuwa. Ya hau da mu can saman tudu, ya juyo, ya saki mota a gangare. Da muka sha kwana muka zo daidai tsamiya ya ce, "To, nan na hango sandar," ya danna birki da dukan ƙarfinsa. Tayoyi suka yi ƙara, goshina ya daki ƙarfe, motar kuwa ta yi ta ja da mu har muka wuce burtali da nisa sannan ta tsaya. Ya sa na sauka na taka tazarar da ƙafata, na dawo ina haki. Ya ce, "Ka gani? Kan burji ni ka tsai da mota, kan kwalta ita ka tsai da kanta. Kuma motocin da ka zuwa yanzu ba su san tsohonka ba. Ka tafi ka gaya mai, in za a ƙetare shi aika mutum saman tudu da jan ƙyalle, shi kuma shi tsaya gefe."

Ka tafi ka gaya masa! Da bakin wa? Kwana uku ina juya maganar a cikina. Daga ƙarshe na bi hanyar da aka saba, na sami Baffa, ƙanen Baba, na zayyana masa komai har da goshina da ya kumbura. Baffa ya kai saƙo da yamma a zaure, ina rakuɓe a bakin ƙofa ina ji. Sai dai Baffa, Allah ya jiƙansa, mutum ne mai son a rabu lafiya, duk sai ya zare wa maganar ƙashi. Ba tifa, ba birki, ba jan ƙyalle. Abin da ya ce kawai, "Yaya, yara na cewa motocin yanzu sun cika gudu." Baba ya gama ɓare goronsa, ya dubi rufin zaure ya ce, "A gaya ma mai kwalta, tun ba a haife shi ba nika ƙetare da shanu wurin ga." Shi ke nan. Taku uku ne tsakanina da shi. Da na shiga na tsuguna na ce, Baba, na gani da idona, ƙila ya zage ni, ƙila ya yi wata bai amsa gaisuwata ba, amma da ya ji. Na tsaya ina kallon bakin tabarmarsa, sannan na juya na tafi ina ce wa kaina ai na sauke nauyi.

Farkon damina ne, ana dawo da shanu daga wajen Kebbe. An yi yayyafi, kwalta tana sheƙi. Mu muna gyaran magudanar ruwa a gefen gangaren, la'asar sakaliya. Na ga garke ya ɓullo, na ga malfar Baba a gaba. Ya shiga tsakiyar titi ya ɗaga sanda, ya ba tudu baya yana bin shanunsa da ido. Ni kuwa daga inda nake na riga kowa jin motar. Babba ce, da kaya, kuma kukanta ba na mai niyyar tsayawa ba ne. Akwai lokaci, wallahi akwai lokaci. Da na kwarma ihu na ce Baba kauce, da ya waiwaya. Na buɗe baki, amma bakin da bai taɓa ɗaga murya a gaban mutumin nan ba ya ƙi, abin da ya fito ko na kusa da ni bai ji ba. Sai na jefar da shebur na sheƙa da gudu, wai zan isa in janye shi. Wa ya taɓa tsere da mota a gangare? Direban ya taka birki tun daga tsamiya, daidai inda mutumin Jega ya taka, motar kuma ta tsaya daidai inda tasa ta tsaya.

Direban baƙo ne, ranar ya fara bin hanyar. Ya sauko yana salati yana kuka wiwi, kuma har yau ban taɓa jin haushinsa ba. Shi ya juya motar, muka ɗora Baba a baya a kan buhuna muka nufi Sakkwato, don a lokacin can kaɗai ake duba irin wannan rauni. Baffa yana gaba tare da direba, ni kaɗai ne a baya, kan Baba a cinyata. Ranar na fara taɓa fuskarsa. Kwaltar da muka shimfiɗa da hannunmu tana ta wucewa a ƙarƙashinmu sumul, ko girgiza babu. Muna gab da Shagari ya buɗe ido ya gan ni, ya kawar da kai ya dubi sama, ya ce, "A tambayi wancan, shanun sun ƙetare?" Babu kowa a wurin da zai tambaye ni. Na ce, "Sun ƙetare, Baba, dukansu." Biyu suna kwance a kan titi, amma haka na ce. Ya ce, "To, madalla." Ba mu kai Bodinga da shi ba.

Mutane suka ce kwana ne ya ƙare, kuma gaskiya ne, wa ya isa ya ja da hukuncin Allah? Amma ban da Baffa ban taɓa gaya wa kowa zancen tifa ba, shi ma bai sake tayar da shi ba har ya bi yayansa. Bayan na yi aure aka haifa mini ɗa namiji, na sa masa sunan Baba, Ummaru. Kun ga an ɗaure bakina sau biyu ke nan, ga shi ɗan fari, ga shi da sunan mahaifina. Mutanen gida suna ce masa Abba, ni kuwa sai wancan. Kada ku zaci abin da ya faru ya koya mini hankali. Na riƙe kunyar nan da hannu biyu har ina alfahari da ita, ina yi wa masu ɗora ɗan fari a kafaɗa dariya, ina cewa zamani ya lalace.

Zamanin kuwa ya tafi da abubuwa da yawa. Burtali gonaki sun cinye shi, 'yan shanun da suka rage mana mun sayar tun da dajin wajen Kebbe ya zama abin tsoro. Tsamiya an sare ta, inda randa take yanzu mai faci ne ya kafa rumfa, ruwa kuwa a leda ake miƙa shi ta taga, motar ma ba ta gama tsayawa ba. Ba ka san direba ba, bai san ka ba, in ka ɗaga masa hannu ya zaci bara kake. Kwaltar da muke shafawa ta tsufa kamar mu, duk ramuka, a yi faci bana baɗi ya tashi, masu mota suna kauce wa rami suna shiga hannun juna. Ana ta cewa za a faɗaɗa ta ta zama biyu, to, Allah ya nuna wa masu rai. Gangaren dai yana nan, kwanar tana nan, kuma sau nawa muka fita da gudu muka ɗauko mutanen da ba mu san sunansu ba muka yi musu sutura? Duk sa'ad da aka ce farar bas ce ba na zuwa da kaina, sai wani ya je ya dubo mini.

Watannin baya aka ce in je Sakkwato a duba mini ido. A motarsa aka sa ni, na zauna can baya don kada mu haɗa ido a madubi. A dawowa, da muka hau tudun nan, ga tirela a gabanmu, sai na ji ya ƙara wuta ya fita hannun da ba nasa ba, waya maƙale tsakanin kunne da kafaɗa yana dariya. A kan kwanar! Ido bai gani sosai ba, amma jikina ya san wurin. Wata mota ta ɓullo ta gaba, da ƙyar muka goce mata, mata suna ta salati, shi kuwa ya ce, "Ku kwantar da hankalinku, na san hanyar ga kamar yunwar cikina." Na sauka a ƙauyenmu. Me na yi? Abin da na iya mana. Na kira autata Hadiza na ce ta gaya wa wancan ya riƙa ragewa a gangare. Washegari ta dawo tana 'yar dariya ta ce, "Baba, ya ce a gaya ma tsoho shi kwantar da hankali, wai tun ba a haife ni ba shika bin hanyar ga." Carbi ya suɓuce daga hannuna. Muryar Hadiza ce, amma maganar na san mai ita, na kuma san zauren da aka yi ta.

Da gari ya waye na sa aka ɗauke ni a babur zuwa tashar Tambuwal. Ranar kasuwa ce, tasha ta cika, 'yan kamasho suna ta Sakkwato, Sakkwato, saura mutum ɗaya. Na bi kukan injinsa har na sami motar, ta cika, ya riga ya sa giya. Na tsaya a gaban motar da sandata, kuma sai da na tsaya na tuna wanda ya taɓa tsayawa haka. Wani ya ce, "Haba Baba tsoho, kauce mana!" Bakin nan ya so ya sake yi mini irin ta da. Na ce a raina, yau ko ni ko kai. Na ɗaga murya yadda ban taɓa ɗagawa ba, na ce, "Ummaru!"

Ya kashe injin. Ya sauko, mutum da furfura a gemu, uban 'ya'ya shida, ya zube a gabana yana dubana a tsorace.

"Baba, lafiya? Wani ya rasu?"

Na ce, "Babu wanda yar rasu yau. Kakanka, mai sunanka, can ƙasan gangaren ga mota tab buge shi ina kallo, don na ji kunyar ɗaga murya. Ba ni ƙara yin shiru. Ka rage gudu wurin nan, Ummaru. Ban aiko kowa ba, ni na zo da kaina, roƙonka nika yi."

Fasinjoji suka zuba mana ido. Ya sunkuyar da kai ya ce, "Baba, ashe ka san sunana."

Na ce, "Na san shi tun ba a haife ka ba."

Wasu dattawa a tashar sun kawar da kai don kunya, har na ji labari a bakin masallaci ana cewa tsufa ya fara taɓa ni. Su faɗa, bakinsu ne. Ni na san abin da kunya ta ci mini.

Ban ce ya shiryu ba. Direba direba ne, kuma ƙafar da ta saba da totur shekara da shekaru ba ta jin magana rana ɗaya. Ina nan dai a ƙofar gida bayan la'asar, carbi a hannu, kunne a arewa. Shekaranjiya na ji motar ta hau tudu, na ji kukan ya sauka, ta gangaro a hankali kamar mai jiran garke ya wuce, a wurin da rabon saniya da taka shi har an manta. Jiya ma haka. Yau ga inuwa ta kai gindin katanga, ban ji shi ba tukuna.